Ɗakin da Aka Ba Goggo a Bakin Teku

Goggona, ƙanwar babanmu, ta yi kusan shekara goma tana jinyar wata tsohuwa Baturiya a unguwar Queens, a Amurka. Kullum bayan sallar asuba takan fito daga gidanmu na Morrisania a Bronx, ta hau jirgin ƙasa, ta sauka ta hau bas, ta je ta yi wa tsohuwar wanka, ta shafa mata mai, ta ba ta abinci a baki. Mama take ce mata. Har tuwon zafi da miyar ayoyo ta koya mata ci, in ta kwana biyu ba ta kai ba sai tsohuwar ta ƙi cin komai. 'Yar tsohuwar ɗaya ce, takan zo ranar Lahadi, ta rungume Goggo, ta ce ai ita ba ma'aikaciya ba ce, 'yar gida ce.

A hannun Goggo tsohuwar ta cika. Ni lokacin ina Kumasi wajen jinyar babanmu, sai a waya na ji labari. Bayan an binne ta, 'yar ta ɗauki Goggo a mota ta kai ta wani ofis, ta ce Mama ta bar mata ɗakinta na hutu a bakin teku, a New Jersey. Aka nuna mata inda za ta sa hannu, ta sa. Goggo na jin Turanci, tana kuma yin sa, amma karatun irin waɗannan takardu ba nata ba ne. Ranar tana kuka ta kira mu, ta ce a gaya wa yayanta Allah bai bar wahalarta ta tafi a banza ba. Da Juma'a ta zagayo ta soya ƙosai ta kai masallaci sadaka. Matan unguwa suka riƙa ce mata mai gidan teku.

Da na dawo muka shirya zuwa ganin wurin, sai aka ce ba za mu iya zuwa ba sai cikin Fabrairu. Muka hau bas cikin tsananin sanyi. Garin duk a rufe yake, ko mai sayar da shayi babu. Matar da ke karɓar baƙi ce ta yi mana bayani: abin da Goggo ta mallaka shi ne mako ɗaya a shekara, sauran makonnin na wasu ne, shi ake kira timeshare. Ɗakin na warin danshi, tagar kuma wurin ajiye motoci take kallo. Goggo ta zauna a bakin gado da rigar sanyinta, ta dudduba, ta ce, "To, ai mako ɗaya ma arziki ne. Mama ta kwanta a nan."

Ban san ana cajin ta kuɗin kula da ginin duk shekara ba, don ɓoye mini ta yi. Gwiwa ta riga ta sa ta ajiye aiki, ɗan abin da gwamnati ke ba ta shi take gutsura tana biya. Sai guguwa ta yaye rufin ginin, aka raba kuɗin gyara a kan masu makonni, abin ya fi ƙarfinta. Wata rana muna cin abincin rana wayarta ta yi ƙara, ta miƙo mini ta ce, "Ɗiyata, ji abin da mutumin nan yake faɗa, kullum sai ya kira." Mai karɓar bashi ne.

Na kira kamfanin da ke kula da ginin na ce mun yafe, su karɓi abinsu. Suka ce ba a mayarwa, kuma ko ta mutu bashin yana iya bin abin da ta bari. Na duba intanet ko za mu sayar, na tarar da mutane birjik suna neman wanda zai karɓi nasu kyauta, ba mai so. Wasu kuma suka fara kiran mu, wai su ƙwararru ne wajen fitar da mutum, amma a fara biyan su tukuna. Wata abokiyar aikina a kantin magani ce ta haɗa ni da wata lauya da ke taimaka wa tsofaffi kyauta. Lauyar ta saurare mu, ta ce hanya mafi sauƙi ita ce 'yar tsohuwar ta rubuta cewa ba a yi wa Goggo bayanin kuɗin ba kafin ta sa hannu.

Goggo ta yi murna. "Shi ke nan? Ai ita ma ba ta sani ba ne. Da ta sani da tuni ta zo."

Ranar Lahadi ta tashi ta tuƙa tuwo, ta yi miya, ta zuba a kula, muka tafi gidan 'yar tsohuwar. Matar ta karɓe mu da fara'a, ta rungume Goggo kamar da, ta zaunar da mu a kicin. Na fara bayani a hankali. Kafin in kai ƙarshe ta ajiye kofin hannunta.

"Na san da kuɗin," in ji ta. "Mun yi shekaru muna neman yadda za mu rabu da shi. Lauyanmu ya ce in ya zo hannuna ta gado, na shiga ke nan."

Na ce, "Sai kika sa Goggo ta shiga."

Ta ce ba haka ba ne, ta ga muna da dangi da yawa, ta ɗauka za mu ji daɗinsa, mu haɗa kuɗin a tsakaninmu. Ta faɗi haka tana kallona, ba ta kalli Goggo ba.

Goggo ba ta ce komai a kan kuɗi ba. Ta gyara mayafinta, ta kira matar da sunan da tsohuwar ke kiran ta da shi tun tana yarinya, ta ce, "Abu ɗaya nake so ki gaya mini. Mama ce ta ce a ba ni?"

Matar ta sake ɗaukar kofinta. Can ta ce, "Kin san yadda take a ƙarshe. Ba ta ma tuna tana da shi ba."

Na kawo maganar rubutun. Ta ce sai ta tambayi lauyanta, kuma tana ganin ba zai yarda ba. Ta raka mu ƙofa, ta ce ta gode da tuwon.

A jirgi Goggo ta zauna ta ɗora hannuwanta a cinya, tafin a sama, tana kallon su. Mun kusa Bronx ta ce, "Da waɗannan na rufe mata ido. 'Yar tata tana waje tana waya."  Ni kuwa na so a ce na faɗa wa matar nan abin da zai hana ta barci, amma Goggo na wurin, ban iya ba.

Rubutun bai zo ba. Lauyarmu ta bi doguwar hanya, da takardar likita da shaidar abin da Goggo ke samu, ana ta kai da komo har wani sanyin ya zagayo. A ƙarshe kamfanin ya yarda zai karɓi makonsa in an biya abin da ya taru. Dole Goggo ta faɗa wa matan adashinsu gaskiya, kuma na san wannan ya fi biyan kuɗin yi mata ciwo. Ba wadda ta yi dariya. Suka matso mata da kwasarta, wadda ta yi niyyar rufin ɗakinta na Kumasi da ita, aka biya, ta sa hannu a gaban lauya bayan an karanta mata kowane layi na fassara mata.

Cikin azumin da ya biyo baya 'yar tsohuwar ta kira. Ina yanka albasa, Goggo ta sa wayar a lasifika. Matar ta tambayi gwiwa, ta tambayi dangi, sannan ta ce surukinta ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, suna neman mai jinya. Ko Goggo ta san wata 'yar ƙasarmu mai amana, irinta?

Goggo ta san su da yawa. A benenmu kaɗai akwai masu neman aiki ido rufe. Ta ce, "Allah ya ba shi lafiya. Ban san kowa ba."

Ta kashe wayar, ta ce in rage wutar kunun kar ya kama.