Takardar da Ke Cikin Hularsa

Yau na kunna sikirif, 'yar manhajar da ke duba saitin rezo, wato haɗin intanet, a sarwa, babbar kwamfutar ofishinmu na Madawa. Sai ga tambayar da tsohon shugabanmu ya saka a ciki: "Kin rubuta tsohon adireshi a takarda?"

Wata rana can baya na canja adireshin sarwar ofishinmu na Buza daga nan, ta katse, mata suna can suna jiran takardun haihuwa. Bai yi faɗa ba. Muka hau babur zuwa Buza, rigarsa tana ƙanshin man zafi.

Da muka isa ya ce, "Ɗiyata, mi ne tsohon?"

Ban sani ba. Ya cire hularsa, ya zaro takarda a ninke, tsohon adireshin na rubuce a ciki.

Shekara guda ke nan da rasuwarsa. Na rubuta adireshin a takarda, na danna "Eh", ban ji komai ba.

Allah ya ba shi tasa takardar a hannun dama.