Malama Haulatu da Dabaibayin Mero

Mai son ganin Malama Haulatu Maccido a zaune sai dai ya same ta a zaman tahiya. Ko koko a tsaye take shan sa. Bakwai ba ta yi ba ta fito, jaka a kafaɗa, makullin aji ɗaure a bakin hijabi saboda ta gaji da ɓatar da shi, tafin hannu cike da rubutun biro don kada ta manta abin da ta fito yi. 'Yan kabu-kabun hanyar Konni sun daina yi mata hon, sun san kafin su gama juya babur ta yi nisa. Shekara talatin da biyar ke nan tana wannan sammako zuwa wata firamare a gefen Illela, ta wajen Tozai, kuma a wannan watan ta ajiye alli. Ba rediyon da ya ambace ta, to mu bari mu faɗa.

A makarantar nan duk yaron da ya gagari malamai, mai hawa benci, mai tsoma baki kafin a gama tambaya, ajinta ake tura shi. Wasu malaman har hamdala suke yi sun rabu da ƙaya. Ita kuwa sai ta ce, "Ku kawo min su, nawa ne."

Haka aka kawo mata Mero shekara uku da suka wuce. 'Yar shekara tara ce a lokacin, ɗiyar wani makiyayi mai suna Jaɓɓo. Mero ba ta zama, ba ta ƙarasa layi ɗaya na rubutu, ko ƙuda ya gifta ta bi shi da ido har waje. Wata Lahadi, ranar kasuwa, uwarta ta bar ta tsaron ƙwaryar nono, yarinya ta hango raƙuma ta bi su. Sai bayan la'asar wani ɗan canji da ya san ubanta ya tsince ta a Konni, ta ƙetare babban titi da iyaka duka, ko takalmi babu. An yi duka, an yi rubutu, an yi hayaƙi, duk a banza.

Malama Na'ima ta ajin kusa ita ta shaida abin da ya biyo baya. Ta ce wata safiya Malama Haulatu ta lura Mero tana tafiya da ɗan gajeren taku, kamar mai tsoron zaninta ya yage. Ta kira ta, ta ɗaga bakin zanin, sai ga sawun igiya a idon sawu biyu.

"Mi ya same ki nan?"

"Baffa na yi min dabaibayi in na koma gida," in ji Mero. "Kuma ya ce daga Jumma'a na bar makaranta."

Wayyo, ranar ko rajista Malama ba ta kira ba! Ana tashi ta tare wani ɗan kabu-kabu, Mukhtar, mutumin da magana ba ta kwana a cikinsa, suka nufi ruga. Ta tarar da Jaɓɓo a gindin bishiya da maza huɗu. Gaisuwar ma a gaggauce ta yi ta.

"Baban Mero, ɗiya ce ko maraƙi?"

"Malama, maraƙi ya hi ta jin magana. Hanyar makarantarku titi ce. In tirela ta take ta, ke kinka haihe ta?"

Kada wanda ya zagi Jaɓɓo a nan. Ba mugunta ba ce, tsoro ne, kuma dabarar da ya sani ke nan: abin da ke ɓacewa a ɗaure masa ƙafa. Malama ta gane haka. Ta ce a kwance wa yarinyar dabaibayin, ta zaga da ita cikin garke. Mero ta kira shanu arba'in da sunayensu, ta nuna wadda ke ɗingishi, ta nuna wadda ba ta ci ba tun jiya, wadda uban ma bai lura da ita ba.

"Ka gani? Hankalinta na nan, tsayawa wuri ɗaya ne ba shi yi. Akwai likitocin wanga abu. Mu kai ta Kware."

Jaɓɓo ya miƙe tsaye. Duk ɗan ƙasar nan ya san abin da ake nufi in an ce an kai wane asibitin ƙwaƙwalwa na Kware.

"Kware! A ce ɗiyar Jaɓɓo ta haukace? A riƙa nuna ƙannenta da baki har su tsuhwa? Malama, sai an jima."

Malama ta sha gabansa. Sannan ta zazzage jakarta a ƙasa, alli da biro da gyaɗa duk suka watse, ta zaro wani kati ta miƙa masa a gaban mazan nan, a gaban Mukhtar.

"Wanga katina ne na Kware. Shekara takwas ina zuwa. Abin da ke gare ta shi ke gare ni. Ni ma an buge ni ina ƙarama, har anka gaji. Dube ni da kyau, Baban Mero, mahaukaciya kaka gani?"

Ke ce, Malama, kika ɓoye wannan kati shekara takwas, abokan aikinki suna zaton 'yar'uwarki kike zuwa gani a Sakkwato. Ke ce kika san Mukhtar na tsaye a bayanki, kika san gobe warhaka har masu shayin bakin iyaka sun ji, amma kika fito da shi. Kuma sun ji ɗin. Iyaye biyu sun cire 'ya'yansu daga ajinki. An bi ki a layi ana "Malama Kware". Mun san ya yi miki ciwo, mun ga idonki, kuma da yawanmu mun yi gum, abin da har yau muke jin kunyarsa.

Jaɓɓo ya yarda da zuwa sau ɗaya tak. Likita ya daɗe yana tambayoyi, ya saurari uba, ya saurari malama, ya sa su sake dawowa. Daga baya ya ce ba hauka ba ce, ba iska ba ce, ba rashin tarbiyya ba ne. Lalura ce ta rashin natsuwa da wahalar tattara hankali, wadda likitoci ke kira ADHD. Ya ce wasu sai da magani, amma babban aikin yana gida da aji.

Aikin kuwa Malama ta ɗauke shi da gudu. Ta dawo da Mero gaba, nesa da taga. Lissafi goma ta yanka shi bibbiyu, in Mero ta gama biyu ta tashi ta goge allo ta dawo. Karatu suna yi suna zaga fili. In ta yi daidai a yaba mata nan take, ba sai gobe ba. Duk Asabar Malama tana ruga tana koya wa iyayen aike ɗaya a lokaci ɗaya, yarinya ta maimaita da bakinta kafin ta tafi. Ƙetare titi kuwa sai da suka yi shi ya fi sau ɗari, a tsaya, a dafa ƙirji, a duba dama, a duba hagu. Jaɓɓo ya mayar da igiya wurin maruƙa. Ba a ce Mero ta warke ba, ko ranar jarrabawar ƙarshe ta bar takalminta a aji. Amma ta gama aji shida, sai dai har makon jiya ba wanda ya san ko uban zai bar ta ta shiga sakandare a cikin gari, inda titin ya fi muni.

Ranar walimar sallamar Malama, ana cikin jawabai, sai ga Jaɓɓo da sandarsa, mutumin da ba ya magana a taro. Ya ce a ba shi lasifika.

"Ni ba ni iya jawabi. Na tahi Kware sau goma sha ɗaya, mai son ya ce min mahaukaci ya ce. Yanzu da muna zuwa nan, na sa ƙahwa bisa titi, Mero ta fizgo ni baya, tac ce, 'Baffa, tsaya, ba ka duba ba.' Mota ce ta wuce. To Malama, a rubuta sunanta. Ta tahi sakandare."

Malama Haulatu ta rufe fuska da hijabi, kuka take yi sosai, mu ma ba mu tsira ba.

Mun gode, ta Maccido, uwar marasa zama. Allah Ya saka miki da alheri, Ya ba ki lafiya da hutun da muka san ba za ki yi ba. Ku kuma malamai da iyaye, akwai irin Mero a kowane aji da kowace unguwa ta garin nan. Kafin ku ɗaga bulala ku kai yaro a duba shi, ko da za a yi da ku a gari.