Gwaggo Tas da Koren Ruwa

A satinta na farko a bakin aiki, gwaggona ta wanke abin da malamin Bayoloji ya yi shekara biyu yana reno. Da soso da sabulu ta wanke shi, har da ɗauraya sau uku. Tun daga ranar aka raɗa mata suna Gwaggo Tas, kuma yau shekara ashirin da shida ke nan sunan bai sake ta ba.

Ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku, sai aka samo mata aikin shara a makarantar sakandare, da sharaɗin gwajin wata ɗaya: in ta yi, ta zauna, in ba ta yi ba, a sallame ta. Mu da muka san ta ba mu damu ba. Mace ce da in ka ajiye kofi don ka yi atishawa, kafin ka ɗago ta wanke shi ta kife.

Ranar Laraba aka ba ta mabuɗin ɗakin gwaje-gwaje. Ta share, ta goge tebura, sai idonta ya faɗa kan taga. Wata ƙatuwar kwalba ce a zaune, cike da ruwa kore shar, gansakuka ta lulluɓe gefenta, ga dodon koɗi manne, ga ruɓaɓɓun ganyaye a ƙasa. Gwaggo ta dafe ƙirji. Ta tausaya wa malamin, ta ce lallai bawan Allah aiki ya yi masa yawa. Ta kwashe ƙananan kifaye huɗu da ke ciki ta sa a bokiti, ta kai sauran magudana ta tuttular.

Malamin ya shigo ya tarar da kwalba tana walƙiya. Dogo ne siriri, yara suna kiransa Malam Ƙwaro a ɓoye. Bai yi faɗa ba. Kujera ya jawo ya zauna.

“Gwaggo,” ya ce, “ina ruwana?”

“Na zubar, Malam. Ai ba sai ka gode ba.”

Saura kwana goma 'yan ajin ƙarshe su yi jarrabawar da ake duba abu da ido a zana, kuma daga kwalbar nan ake ɗibar musu ruwan dubawa. Shugabar makaranta ta kira Gwaggo ofis ta ce, “Baiwar Allah, ban ce kin yi da gangan ba. Amma in ranar ta zo yaran nan ba abin da za su duba, ki ajiye mana mabuɗi.”

Washegari Gwaggo ta tafi har kududdufin bayan gari ta ɗebo jarka guda. To amma ruwa ne da za a kai wa 'ya'yan mutane, zuciyarta ba ta yarda ta kai shi haka ba. Ta tace da ƙyalle, ta tafasa, ta bari ya huce. Malam ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan ɗan gilashi, ya sa a ƙarƙashin na'urar nan mai ƙara girman ƙananan abubuwa, ya daɗe yana leƙawa.

“Gwaggo, me kika yi wa ruwan nan?”

“Ɗan gyara shi na yi.”

“Kin gyara shi kam. Ko mai gadi ba ki bari ba.” Ya cire tabarau ya murza ido. “Ruwan da za ki ji kunyar a gan ki da shi nake so. Wanda ya kwana, ya ƙara kwana, ganye ya ruɓe a ciki.”

Nan ne abin ya yi wa Gwaggo nauyi, don ta san inda irin wannan ruwan yake. A bayan ɗakinta akwai tsohuwar tayar keken mijinta da wani baho da yake wanke kayan gyaran keken a ciki. Tun rasuwarsa ba ta iya zuwa lungun ba. Ruwan sama ya taru a bahon, ganyen bishiyar maƙwabta ya zuba, ita kuma ta jingina tabarma ta kare wurin don kada baƙo ya gani. Kwana biyu tana wucewa tana kau da kai. A na uku ta janye tabarmar, ta ɗebo a gwangwani, ta rufe da mayafi kamar mai ɗauke da kayan sata.

Malam ya leƙa, sai ya yi wata 'yar dariya. “Daga ina?”

“Daga gidan wata.”

“Wace ce? Zan so ƙari.”

Ta sunkuyar da kai. “Gidana ne, Malam. Don Allah kada ka faɗa.”

“Zo ki gani,” ya ce.

Ta goge hannu a zane, ta rufe ido ɗaya, ta leƙa. Ta yi baya da sauri tana salati, sannan ta sake komawa. Wasu halittu ne masu siffar tafin takalmi, suna ta kai da komo, suna cin karo, suna juyawa. Ɗaya ta tsaya, tsakiyarta ta tsuke kamar an ɗaure da zare.

“Malam, wannan ba ta da lafiya.”

“Rabuwa za ta yi, ta zama biyu. Ƙwayar halitta ɗaya ce tak, a cikinta take ci, take numfashi. Ke ma da irinsu aka gina ki, sai dai naki ba sa ƙirguwa.”

“Ba naƙuda, ba ungozoma?”

“Babu.”

“To wace ce uwar, wace ce 'yar?”

Malam ya jinjina kai. Daga baya ya ce a shekarunsa na koyarwa ba ɗalibin da ya taɓa tsayar da shi da tambaya haka.

Ya nuna mata yadda zaman yake. Koren abin nan da hasken rana yake haɗa abincinsa, ƙananan halittu su ci shi, kifi ya ci su, kashin kifi da ruɓaɓɓen ganye su koma taki ga koren. Gwaggo ta ce, “Ashe suna da masu shararsu a ciki. Ni ce na yi musu shisshigi.”

Ta riƙa kawo gwangwani kullum, Malam yana juyewa a kwalbar, har bahon ya ƙafe, sannan ta wanke shi ta shigar da shi ɗaki. Ranar jarrabawa yara arba'in da biyu suka leƙa, kowa ya sami abin zanawa. Da yamma Gwaggo ta je ofis da mabuɗi a hannu, ko da za a ce ta ajiye. Shugaba ba ta ko ɗago daga takardu ba, ta ce, “Gobe ki zo da wuri, akwai ƙura a ɗakin karatu.”

Haka ta zauna. Malam ya yi ritaya, malamai huɗu sun zo sun tafi, ita ce ke gaya wa kowane sabo abin da ba a taɓawa a tagar nan. Amma tsokana ba ta ƙare ba. Kwanan baya wata tsohuwar ɗaliba, yanzu ma'aikaciyar jinya ce, ta tare ta a asibiti ta rungume ta.

“Gwaggo Tas! Har yanzu kina wanke wa mutane jarrabawa?”

“Ke, rufa mini baki,” in ji Gwaggo. “Masu shara nawa suka wuce ta gaban na'urar nan, wa aka taɓa ce wa zo ki gani? Ni da na yi ɓarna aka kira. Kuma bari ki ji, har yau in na kalli kwalbar nan hannuna ƙaiƙayi yake yi. Sai in ɓoye shi a baya in wuce.”