Dutsen Da Na Ɓoye A Cikin Safa

Abin da na fara lura da shi shi ne jakata ta ƙi fitowa. Ta shiga na'urar duba kaya a filin jirgin Alƙahira kamar ta kowa, sai ta tsaya, ta koma baya, ta sake shiga. Mutumin da ke kallon allon bai ko dube ni ba, ya yafito na kusa da shi, su biyun suka sunkuya suna nuna wani abu da biro. Ni kaɗai na san abin da ke ƙunshe a cikin safa, cikin takalmi, can ƙasan jakar.

A lokacin shekarata goma sha tara, na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, kuma ban taɓa wuce Kano ba. Yayana yana karatun addini a Masar, suna zaune a unguwar Darrasa ta Alƙahira shi da matarsa. Da ta haihu aka ce in je in taya ta jego. Ranar da zan tashi kakata ta kira ni ɗakinta, ta ce ita ba ta son turare, ba ta son abaya, ta tsufa da su. Tunda Allah bai nufe ta da ganin ƙasar da Annabi Yusuf ya taka ba, in tsinto mata ko ɗan dutse ne ta riƙa dubawa. Ta ja kunnena kada in gaya wa malam, haka take kiran yayana, don ta san sai ya zaunar da ita ya yi mata wa'azi ta waya. Muka yi dariya, na ce ta ɗauka an gama.

Bayan an yi arba'in yayana ya ce ba zan koma gida ban ga komai ba sai tukunyar ruwan zafi. Ni da matarsa ya kai mu dalolin Fir'auna, ya kai mu Sakkara inda tsofaffin kaburbura suke, daga baya muka bi wasu ɗalibai zuwa bakin Bahar Maliya. A can na shiga jirgin ruwa mai gilashi a ƙasa, na ga kifaye masu launin da ko a atamfa ban taɓa gani ba, har da wani kunkuru da ya fi faifai faɗi. Tun a mota yayana ya ce mana a ƙasar nan ido ke yawo ba hannu ba, kada wanda ya ɗauki komai daga ƙasa. Na ji shi sarai. Amma a raina na ce ai yana nufin manyan abubuwa, irin na gidan tarihi. Mu a garinmu wa ya taɓa tambayar wani don ya tsinci tsakuwa? A Sakkara na hango wani ɗan guntu shuɗi a cikin yashi, bai kai kan babban yatsa ba, da wasu zane-zane a bayansa. Na yi kamar ina gyara takalmi na dunƙule shi. A bakin teku kuma na ƙara da wani farin reshe mai kama da dutse, wanda suke kira murjani. Da na zo haɗa kaya matar yayana tana zaune a ɗakin, shi kuma yana shiga yana fita, sai na tura su cikin safa, na cusa safar a takalmi, don kawai kada malam ya gani ya fara.

Wannan ɓoyon shi ya kusa kashe ni. Da aka buɗe jakar, wata ma'aikaciya ta zaro takalmin, ta zaro safar, ta zazzage a kan tebur, sai na ga fuskokinsu sun canza. Aka karɓi fasfona da wayata, aka shigar da ni wani ɗaki mai kujerun ƙarfe. Larabcina bai wuce yalla da tamam da ma'alish ba, sai na sallah. Turancin nawa kuma da na ɗauka na iya, ranar ya gudu ya bar ni. Tambaya ɗaya suke maimaitawa ta hanyoyi daban-daban: wa ya ba ni, wa zan kai wa, in kuma tsintuwa ce me ya sa na ɓoye. Na ce kakata zan kai wa. Wani ya tambaya ko kakar tawa tana sayar da kayan tarihi ne. Na rasa yadda zan bayyana wa mutumin da bai san tsaraba ba cewa tsohuwa ce kawai take son ta riƙe wani abu daga ƙasar Annabi Yusuf, kuma yayana nake ɓoye wa, ba hukuma ba. Ma'aikaciyar ta yi min bayani a hankali cewa fitar da kayan tarihi daga ƙasarsu babban laifi ne, mutane na yin shekaru a kurkuku a kansa, kuma an aika a kira masani ya duba. In ya ce na da ne, maganar ta bar hannunsu.

Sai da na yi kuka sosai suka bari na kira yayana. Yana cikin mota ya kusa Darrasa, ya juyo. Da aka shigo da shi bai yi min faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya dubi safar a kan tebur, ya dube ni, ya tambaya a hankali ko aikin Hajiya ne, wato kakarmu. Na gyaɗa kai. Ya yi salati, ya zauna, ya cire hularsa ya riƙe. Ina jin sa yana ta yi musu Larabci, yana rantsuwa, yana nuna katin makarantarsa, su kuma suna cewa ma'alish ya shaikh, wato yi haƙuri malam, sai masani ya zo. Ina zaune na ji ana kiran jirginmu, aka sake kira, aka daina. Na yi Azahar a kan kwali a kusurwar ɗakin, ban san me na karanta ba. Abin da kawai nake gani shi ne mahaifiyata a filin jirgin Kano tana leƙen fuskokin masu fitowa.

Ina rubuto wannan ne don 'yan'uwana masu zuwa ƙasashen mutane ganin tarihi da namun daji. Abin da muke kira tsintuwa, su dukiyar ƙasarsu ce, ko guntun kasko ne, ko bawon kifi, ko reshen murjani. In an ce kada a ɗauka, to har ƙaramin ake nufi. Kuma duk abin da za ki ji sai kin naɗe shi a safa kafin ki sa a jaka, ki ajiye shi inda kika gan shi. Iyayenmu da kakanninmu ma ina roƙonsu, su riƙa sanin irin tsarabar da suke aiken yara. Ni yau wata bakwai ke nan, amma ko ƙofar banki na zo wucewa na ji na'ura ta yi ƙara, sai na ja da baya. Barci ma bai gama dawo min ba, na gaji da mafarkin ɗakin nan.

Masanin bai iso ba sai bayan La'asar, wani dattijo mai furfura da tabarau rataye a wuya. Bai gaishe da kowa ba. Ya ɗauki shuɗin guntun, ya kara shi a gilashin dubawa, ya juya, ya kankare gefensa da farce, fentin ya biyo farcen. Ya yi tsaki, ya faɗi wata magana, ɗakin ya fashe da dariya, ni kaɗai ce ban yi ba. Yayana ya juyo idonsa jawur ya fassara min: wai guntun abin wuya ne irin wanda 'yan talla ke sayar wa baƙi, ya fashe wani ya yar, kuma dattijon ya ce jikarsa ma ta girme shi. Murjanin suka riƙe, suka ce shi ma haramun ne a ɗauka, suka sa na sa hannu a takarda cewa an gargaɗe ni. Dattijon ya turo min guntun ya ce in kai wa kakar tawa in ina so. Na ce a bar shi, na yafe.

Ƙarfe biyar saura kwata ma'aikaciyar ta miƙo min fasfona, ta dafa kafaɗata ta ce khalas, wato shi ke nan, ba abin da zai same ni, in tafi. Na karɓi fasfon na tashi. Yayana ya tattara kayan ya zuge jakar, sannan ya ɗauki safar daga kan tebur, ba komai a cikinta, ya ninke ta, ya sa a aljihunsa. Ya ce wannan ita ce tsarabar, shi zai kai wa Hajiya da kansa in ya koma gida.