Baba a Fadamar Baguida

Jama'a, ku ji wanda na gamu da shi yau!

Da safe na hau kekena, na bi hanyar tsakuwa ta fadamar Baguida. Sai ga wani dattijo, kekensa ya kafe cikin laka. Na sauka in taimaka, ya ɗago kai. Wallahi mahaifina ne! Mutumin da kullum yake cewa hawan keke shashanci ne!

Na ce, "Baba, ku ne?"

Ya ce, "A'a, aljani ne. Kama mu ja!"

Ashe likita ya sa shi motsa jiki, shi ne yake fita a ɓoye.

Muna ciro keken ya ce, "Kada Hajiya ta ji. Hau mu yi tsere zuwa titi."

Jama'a, tsohon nan ya wuce ni!