Kawu da Tambayoyinsa Ashirin

Kawuna malamin kimiyya ne. Shekara goma sha bakwai yana maimaita tambayoyi ashirin ɗin nan a jarrabawa, ko waƙafi bai taɓa sauyawa ba. Duk ɗalibin da yake da yaya a makarantar ya gaji amsa: A, C, C, B. 'Ya'yan fari kuwa su sha ƙasa.

Da shugabar makaranta ta kawo manhajar da ke cakuɗa tambayoyi, kowane ɗalibi da nasa jerin, Kawu ya fi kowa tafi. "Bana malalata za su gane kurensu!"

Ranar gyaran takardu ya ɗauki jan biro, ya ƙura wa tambaya ta farko ido. Can ya taɓa malamin kusa da shi. "Malam, a ganinka wacce ce daidai?"

Ashe shi ma jerin ya haddace.