Kwanon da Ake Fara Buɗewa

Ranar da na fara zama ciyayya a unguwarmu ta Bodinga, kwana bakwai da tarewata a unguwar, na tafka abin kunya. An jera kwanuka a tabarma bayan magariba, kowane magidanci da na gidansa, aka buɗe na farko. Na kai loma, na ji lami, kamar an dafa ruwa da ruwa. Bakina kuwa ba ya jiran shawarata. Na ce, "Jama'a, wace baiwar Allah ce ta yi fushi da mijinta har ta hana mu gishiri?"

Dattijon da ke gefena ya haɗiye lomarsa a nitse, ya ce, "Matata ta. Ci gaba, baƙo, muna saurare."

Haka na san Malam Sodangi.

Ɗan Horo Birni ne, ta wajen Shagari. Da kiwo ya tashi, sai mota ta ɗauke masa hankali. Ya yi shekara ashirin da ɗoriya yana jigilar 'yan kasuwa da awakinsu tsakanin Shagari, Bodinga da Sakkwato. A wancan zamani, in ji shi, bai san launin abincin ranar gidansa ba. Ya san mai wainar da ba ta ƙyashin mai, ya san tukubar da ake fara yanka masa mai kitse tun bai kashe mota ba. Shayinsa kuwa sai sukari ya kwanta a gindin kofi.

Shekara biyar da suka wuce, ya sauko daga mota a tashar Shagari, ƙafa ta ƙi ɗaukarsa. A asibiti aka ce hawan jini ne, ga ciwon suga ya rako shi. Ya tashi da ɗan jan ƙafar hagu. Likita bai ɓoye masa ba: wannan gargaɗi ne, in abin ya sake kayar da shi, ɓarin jiki zai tafi. Sodangi bai nemi ƙarin bayani ba. Yayansa ya shekara shida a kwance da irin wannan, sai an tayar, sai an kwantar.

Ya ajiye tuƙi, yanzu lodi yake tsarawa a tasha. Ƙwaya biyu da safe, ɗaya da yamma, awo duk farkon wata. Matarsa Safinatu tukunya biyu take ɗorawa, ta gida da tasa. Tasa ba gishiri, ba dunƙule, mai ɗan ɗigo. Daddawa da citta da tafarnuwa ke riƙe miyar. Tuwon dawa kaɗan, kwaɗon zogale ya cike gurbi.

Duk wannan bai ba shi wuya kamar ciyayya ba. Ƙa'idarta, kwano ɗaya ake buɗewa kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Wanda ya janye hannu daga kwanon wani, gidan ya raina. Kwanon da ya koma cikin gida da saura kuwa, mai girkin ce za ta sha tambaya a ranta. Sodangi ya fara da ƙauracewa, wata biyu yana ci shi kaɗai a zaure, har aka fara cewa ciwo ya sa masa girman kai. Da ya dawo, sai aka riƙa barin nasa ƙarshe, kowa ya ƙoshi, ya koma wa Safinatu kusan yadda ya fito.

Da yake shi ne babba, sai ya kafa doka: nasa za a fara buɗewa, lokacin da yunwa ba ta tambayar gishiri. A nan yake cin rabonsa. Sauran kwanukan yakan gutsiri tuwo kamar ƙwallon dabino, ba miya, ya sa wa mai girki albarka, ya jawo carbinsa a ci gaba da hira. Ni da na fara da zagi, yanzu ni ke suɗe kwanon, ko da yake ina yi ina mita.

Duk ranar kasuwar Shagari yakan je, wata rana na bi shi. Da azahar ya ja ni rumfar Tani mai abinci, wadda ta ciyar da shi tun yana tuƙi.

"Direba, yau da rakiya?" in ji ta.

"Bashiru na. Zuba mishi irin wanda kinka kusa kashe ni da shi."

"Ni niɗ ɗura ma? Kai ka cewa a ƙara mai!"

Ta miƙo masa waken da ta kwashe tun kafin ta sa gishiri, da yankakken kabeji. Ni kuma ta cika mini faranti da shinkafa, miya tana ƙyalli, ga ganda ga tsoka. Na lura idonsa ya sauka kan tsokar nan, ya daɗe bai ɗauke ba. Tausayi ya kama ni, ko in ce shaiɗan. Na tura farantin gabansa.

"Malam, yanka ɗaya dai. Nan Shagari ce, Inna Safinatu tana can Bodinga. Ni ba zan faɗa ba, Tani ba za ta faɗa ba. Mutum da mutuwarsa, ai ba tsoka ɗaya ce za ta kawo ta ba."

Ya dube ni, ya tura farantin ya dawo gabana da yatsa guda.

"Mutuwa ba ta dame ni ba, Bashiru, kwanciya nika tsoro. In na hwaɗi, kai sau ɗaya za ka zo dubiya da lemo ukku, ka shanye biyu kana ba ni labari. Ita Safinatu za ta shekara tana juya ni. Ci abinka."